Allon Asma'ul Husna da na saya a Tudun Wada

Allon bango ne mai gilashi, baƙin yadi da rubutun ruwan zinari, daga wani shagon littattafan addini a Tudun Wada, Kaduna. Kyau dai masha Allah, ya haskaka falo.

Jerin sunayen 99 irin na ruwayar Tirmizi ne, daga Ar-Rahman har As-Sabur. Hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim ya faɗi adadin da alkawarin Aljanna ga wanda ya kiyaye su, amma bai jero su ba, shi ya sa za ka ga jerin wasu malaman ya ɗan bambanta. Mai shagon ma ya san wannan, abin ya burge ni.

Inda allon ya gaza: babu wasali, kuma rubutun ƙanana ne. Suratul A'araf, aya ta 180, cewa ta yi a roƙi Allah da sunayen, to yaro ɗan Islamiyya ta yaya zai roƙa da abin da ya kasa karantawa? Ƙaramar 'yata sai da ta hau kujera kafin ta gano Al-Wadud. Ƙugiyar ratayewar kuma ba ta da ƙwari, ku canza ta tun a shago.