WinForms ko WPF wajen taga shara-shara mai maɓallai? Ɗauki WPF

Wa alaikumus salam, Malam. Kan tambayar da ka jefo, ko WinForms ko WPF ya fi dacewa da tagar da za a riƙa hangen abin da ke bayanta alhali maɓallanta da akwatin rubutunta suna nan raɗau: ɗauki WPF. Duka biyun kayan Microsoft ne na gina tagogin manhajojin Windows. Na yi aiki da su duka, kuma a wannan fannin tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

A WinForms hanya biyu ce a gabanka, kuma kowacce akwai inda za ta ajiye ka. Ta farko Opacity, wadda ke karɓar adadi daga 0 zuwa 1. Kana sa mata 0.5 tagar za ta dusashe, amma da duk abin da ke kanta: maɓalli, rubutu, hoto, har layin da ke ƙiftawa a akwatin rubutu. Ba ka da damar cewa bango ya dusashe a bar maɓalli. Ta biyu TransparencyKey. Nan za ka zaɓi launi guda, yawanci Magenta ko Lime tunda ba kasafai ake ado da su ba, ka shafa wa bangon tagar, sai Windows ta ɓoye duk ɗigon da ya zo da wannan launin daidai wa daida. Maɓallan za su tsaya da ƙarfinsu, wannan gaskiya ne. Sai dai ɗigo ko dai ya fito gaba ɗaya ko ya ɓace gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki, don haka maganar bango mai ɗan duhu-duhu da ake hangen baya ta cikinsa ma ba ta taso ba. Ga kuma abin da ya fi ɓata rai. Windows tana gyara bakin haruffa ta hanyar gauraya launin harafin da na bangonsa, kuma waɗannan ɗigogin da aka gauraya sun riga sun sauka daga ainihin launin da ka ce a ɓoye. Sai su maƙale. Kowane harafi ya fito da zobe ruwan hoda a gefensa, kamar hoton da aka yanko daga jarida da almakashi aka bar ɓurɓushin takarda a bakinsa. Kusurwar da ka lanƙwasa kuma ta fito haƙora-haƙora.

Kada Color.Transparent ya ruɗe ka. In ka sa wa Label shi, wato rubutun da ake ɗorawa a kan taga, abin da zai yi kawai shi ne ya kwafi bangon abin da yake zaune a kai ya shafa wa kansa. In kuma Form ɗin kansa, wato tagar, ka sa wa, kuskure zai jefo maka cewa ba ya karɓar irin wannan launin.

Tushen matsalar daɗaɗɗe ne. Tun Windows 2000 aka kawo tagogi masu alamar WS_EX_LAYERED, kuma Opacity da TransparencyKey duk a kansu suke tafiya. Akwai UpdateLayeredWindow da ke bai wa kowane ɗigo nasa ma'aunin shara-shara, amma sharaɗinta shi ne ka miƙa mata hoton tagar dungurungum. Su kuwa maɓallan WinForms, kowannensu ƙaramar taga ce mai zaman kanta da ke zana kanta, saboda haka ba za su bayyana a cikin hoton ba. Shi ya sa za ka ga mutane na ɗora taga biyu, ɗaya a baya ta bango, ɗaya a gaba ta maɓallai, suna ta fama su riƙa tafiya tare. Ja tagar da sauri ka ga yadda ɗaya ke bin bayan 'yar'uwarta. Abin da zan yaba wa WinForms shi ne ba shi da nauyi kuma tun 2002 ake moriyarsa, amma ba don irin aikinka aka gina shi ba.

WPF kuwa ya fito a 2006 tare da .NET Framework 3.0, kuma tsarinsa daban ne tun daga tushe. Taga ɗaya ce tak a wurin Windows, duk abin da ke cikinta WPF ne ke zana shi da kansa ta hanyar DirectX. Tunda hannu ɗaya ke zanen, kowane abu na iya ɗaukar nasa ma'aunin. Abu uku za ka rubuta a kan Window a cikin XAML, wato rubutun da ake tsara fasalin taga da shi a WPF: WindowStyle="None", AllowsTransparency="True", sai Background="Transparent". Biyun farko ba sa rabuwa. Ka kunna AllowsTransparency ba ka cire kan tagar da WindowStyle="None" ba, manhajar za ta faɗi tun kafin ta buɗe. Daga nan sai ka sa Border mai CornerRadius, wato akwatin bango mai lanƙwasassun kusurwoyi, ka ba shi launi mai lamba takwas, kamar #80000000. Lambobi biyun farko su ne ma'aunin shara-shara: 00 ba a ganin komai, FF launi cikakke, 80 kusan rabi.

Da wannan na yi wa wani yayana agogon lokaci a shagonsa na intanet, inda ɗalibai ke zuwa cike fom da duba sakamakon jarrabawa. Tsohon agogon da yake amfani da shi wata farar taga ce da ke zaune a kusurwar dama ta sama, daidai inda shafuka da yawa ke ajiye maɓallin shiga. Kullum sai ka ji yaro na kira, "Yaya, abin nan ya tare min." Na yi masa sabuwa 'yar ƙarama, bango #99000000, wato baƙi kashi 60 cikin 100, mintocin da suka rage da farin rubutu manya-manya, a ƙasa maɓallai biyu, "Ƙara lokaci" da "Na gama". Na sa Topmost don kada wata taga ta danne ta. Da muka kunna, ga rubutun shafin nan ana karantawa ta cikin bangon, ga maɓallan nan fes, bakin haruffan sumul babu wani zobe. Yayan nawa ya riƙa jan ta da linzami daga wannan kusurwa zuwa waccan yana murmushi, ya ce a zuba masa a duk kwamfutocin kafin la'asar. Kwamfutocin nan duk na hannu ne, tsofaffi, amma ba ta taɓa nauyaya musu ba, kuma har yau ita ke aiki a shagon.

To amma WPF ɗin ma yana da ramuka, gara ka san su tun yanzu. Na farko shi ne dannawa. Duk wurin da ma'auninsa ya zama 00 cif, linzami zai ratsa shi ya danna abin da ke baya. Wani lokaci haka ake so. In ba haka kake so ba, sa #01000000: ido ba zai ga komai ba, amma tagar za ta kama dannawar. In kuwa so kake gaba ɗayanta ta zama abin kallo kawai, linzami ya wuce ta ko'ina, sai ka ƙara mata alamar WS_EX_TRANSPARENT ta SetWindowLong, ka kuma sani cewa maɓallanka ma sun daina amsawa ke nan.

Tunda ka cire kan tagar, babu sauran wurin kamawa a ja ta, babu maɓallin rufewa. Kira DragMove() a cikin MouseLeftButtonDown na Border ɗin, ka yi naka maɓallin rufewa, in kana son a iya faɗaɗa ta ka sa ResizeMode="CanResizeWithGrip". Ka kuma lura, irin wannan tagar in aka buɗe ta ta cika allo takan haye har kan layin ƙasa inda maɓallin Start yake, sai ka ƙayyade mata tsawo da kanka. Rubutu ma yakan ɗan rage kaifi, domin WPF na kashe ClearType, dabarar Windows ta ƙara wa haruffa kaifi, a kan bango shara-shara. Inda ka san bayan rubutun cikakken launi ne, RenderOptions.ClearTypeHint="Enabled" na dawo da shi.

Ramin da ya fi zurfi shi ne wannan: duk abin da ba WPF ne ke zana shi da kansa ba, kamar WebBrowser ko wani abu da ka ɗauko daga WinForms ta WindowsFormsHost, ba zai fito a tagar da aka kunna wa AllowsTransparency ba. Wurinsa zai zauna wayam. In aikinka na buƙatar shafin intanet a ciki, ba shi tasa tagar ta daban. Sannan kada ka yi katuwar taga mai cika allo ka cika ta da motsi da DropShadowEffect, tsohuwar kwamfuta za ta fara ja da ƙyar. Ƙaramar taga ba ta da wannan damuwar.

In kuma abin da ke ranka shi ne bangon nan mai hazo-hazo, wannan wani zance ne daban. Aero Glass na Windows Vista da Windows 7 ne ya saba wa mutane da shi, aka cire shi a Windows 8 a 2012. Windows 11 ta zo da Mica, wanda ke ɗaukar launinsa daga hoton bangon allo kawai, ban da tagogin da ke baya; Acrylic ne ke hazo da abin da ke baya. Daga sigar 22H2 ana roƙonsu ta DwmSetWindowAttribute, kuma a nan WindowChrome ake haɗawa da shi, a bar AllowsTransparency a kashe. Kwamfutar da ke kan Windows 10 ba za ta nuna wannan ba, don haka duba injinan waɗanda za ka yi wa aikin tukuna. Idan har da Linux a lissafinka, WPF ba ya zuwa can. Nemi Qt, ka kunna WA_TranslucentBackground tare da FramelessWindowHint.

Ba ka tambaya ba, amma don Allah ka yi hattara da masu tallan "kayan kwalliyar WinForms" a zaurukan WhatsApp da Telegram. Na taɓa sayen irinsu a hannun wani, hotunan tallan gwanin sha'awa. Da na buɗe, TransparencyKey ne da dabarar taga biyun nan aka naɗe a cikin DLL, wato rufaffen fayil, babu asalin lambobin manhajar da zan gyara, da na yi magana kuma ya daina ɗaga waya. Wasu ma kayan kamfanoni ne da aka fasa wa makulli, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Kai ne za ka kai shi kwamfutar mai shago da sunanka a kai. Duk wanda zai sayar maka, ce ya turo bidiyo yana jan tagar da sauri a kan farin shafi, sannan a kan baƙi. Hoto a tsaye yana ɓoye zoben da jan ƙafar duka. Haka mai ce maka ka biya kuɗin lasisin Visual Studio Community: kyauta ce ga mai aiki shi kaɗai da ɗalibi. In ladan kwafa maka a filashi zai karɓa saboda tsadar data, wannan daidai ne, amma ya kira shi da sunansa. WPF da WinForms kansu tun Disambar 2018 Microsoft ta buɗe lambobinsu a GitHub ƙarƙashin lasisin MIT.

Buɗe sabon aikin WPF a daren nan, sa abubuwa ukun nan da Border ɗaya da maɓalli ɗaya, ka gwada a kwamfutar da ta fi kowacce rauni cikin waɗanda za a yi amfani da su. In wani abu ya ƙi, manno XAML ɗin a nan mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a.