Ɗakin darasin yamma a bayan Shara Mansur: abin da na gani cikin zango guda

A wani lungu da ke bayan Shara Mansur a Makka, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, akwai wata malama da ta mayar da falon gidanta ɗakin darasi, tana karɓar yaran firamare daga La'asar zuwa Magariba, Lahadi zuwa Alhamis. Na kai mata ɗana da ke aji biyar bayan na duba sakamakonsa a manhajar Noor, inda makarantun Saudiyya ke saka sakamakon ɗalibai, na tarar lissafinsa ya yi ƙasa ƙwarai.

Ni ne sanadin matsalar tun asali. A 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu aka koma karatu ta dandalin intanet na Madrasati, nakan zauna gefensa ina raɗa masa amsa, kuma har bayan an koma aji ban daina ba, ni ke yin aikin gida shi yana karɓar maki.

Tsarin malamar shi ne yaro ya fara kokawa da aikinsa shi kaɗai na minti ashirin, ba tambaya, ba leƙen littafin maƙwabci, sannan ta zagayo ta ga inda ya cije ta yi masa bayanin wannan gaɓar kawai. Iyaye kuma ba ta sallame mu don mun biya kuɗi ba. Kowane yaro yana da ɗan littafin da uba ko uwa za su sa wa hannu bayan sun saurare shi yana bayanin abin da ya koya. Ranar farko ta ce mini: "Alhaji, kada ka taɓa alƙalaminsa, ka zauna kawai ya koya maka."

Wannan sharaɗi ne ya fi burge ni, domin mahaifiyarsa, wadda ba ta karanta Larabcin littattafan makaranta, ta samu shiga cikin karatun. Yaron yana juya mata darasin da Hausa, kuma duk inda ya kasa juyawa, a nan muke gane cewa hadda ya yi bai fahimta ba. Makonnin farko an sha kuka, amma yanzu yakan gama lissafin rabawa mai tsawo kafin ya neme ni. Malamar tana yawan tuna mana cewa ranar jarrabawar Kudurat, wadda ake yi a sakandare don neman shiga jami'a, babu uban da zai shiga ɗakin.

Wurin yana da nasa naƙasu. Falon ya yi wa yaran kaɗan, na'urar sanyaya ɗaki guda ba ta isa a watannin zafi, an haɗa 'yan aji biyu da 'yan aji shida wuri ɗaya, kuma lissafi da Larabci kaɗai ake yi, babu kimiyya. Kuɗin wata bai kai na malamin da ke zuwa gida ba, sai dai uban da ke dawowa daga aiki bayan yara sun yi barci zai sha wahalar cika sharaɗin littafin. Ni dai na biya na zango mai zuwa, na kuma roƙi malamar ta raba manya da ƙanana.