Hattara da mai tallar sulallan azurfar Rumawa

Jama'a, duk mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ya buɗe ido. Akwai wani da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallar denariyus, sulallan azurfa na daular Rum, wai a cikin tulu aka tono su a Libiya, kusa da kufan Leptis Magna. Rabin kuɗi yake nema kafin alƙalami, kuma ba ya yarda a ɗora kayan a sikeli. Jabu ne, kada ku tura masa ko sisi.

Hotunansa ma sun tona masa asiri. Rumawa buga denariyus suke yi, ba zubi ba: a sa guntun azurfa tsakanin hatimi biyu, a doka da guduma. Shi ya sa ko hatimi ɗaya ne ya bugi sulalla biyu, za ka ga wannan ya karkace, wancan bakinsa ya tsage. To nasa masu kan Sarki Tirajan duk siffarsu ɗaya, har ƙwarzanen da ke kuncin sarkin wuri ɗaya yake a kowanne. Mazubi ɗaya ya haife su. A gefensu ga siririn layin da ɓari biyun mazubin suka haɗu, an goge shi da zarto amma bai ɓace ba, haruffan kuma sun dakushe kamar rubutun jikin sabulun da ya sha ruwa.

Nauyi ma shaida ne. A zamanin Sarki Agustus denariyus na kai giram 3.9, Sarki Nero ya rage shi zuwa wajen 3.4 a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Maganaɗisu kuwa kada ya ruɗe ku: azurfa ba ta kama shi, amma dalma da tagulla ma ba sa kama shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sulallan Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Yuliyus Kaisar, masu hoton wuƙaƙe biyu da rubutun EID MAR (15 ga Maris, ranar kisan), na shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na azurfa da aka sani a duniya ba su fi ɗari ba, na zinariya kuwa an yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan fam miliyan 3 da ɗoriya. Shi kuma wai yana da su jibge, a kuɗin wayar hannu!

Ko da a ce na gaske ne, kayan tarihin da aka fitar daga Libiya a ɓoye kayan sata ne. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa da wurin 'yan sanda tun kafin mutumin ya sauya lamba.