Hawa Fādar Prag: Tarago Ko Matakala?

Fādar Prag tana kan tudu ne a gefen kogin Vltava, a babban birnin Jamhuriyar Cek, kuma hanyoyi biyu mutane suka fi bi.

Taragon lantarki mai lamba 22 zai sauke ka a tashar Pražský hrad. Daga nan tafiyar minti 5 ce, ka haye gadar Prašný most ka shiga tsakar gida ta biyu, daf da majami'ar Vitus, wadda aka aza harsashinta a 1344 ba a kammala ba sai 1929. Da shigarka taragon ka saka tikitin takarda cikin na'urar nan ruwan ɗorawa ta buga masa lokaci. Wanda bai yi haka ba, ko da tikiti a hannu, tara za a ci shi. Ka riƙe aljihunka da kyau, domin 'yan sane sun san layin nan cike yake da baƙi.

Tsohuwar matakalar kuwa tana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Malostranská, taki 121 ne, kuma a ƙofar gabas take ajiye ka. Daga sama za ka hangi jajayen rufin gidajen birnin. Sai dai dutsen matakalar yana da santsi idan an yi ruwa ko ƙanƙara, kuma ba ta dace da tsoho ko keken jariri ba.

Dabarar ita ce a hau da tarago, a sauko ta matakala. Mai son ganin canjin dogarai na ƙarfe 12 na rana ya nufi tsakar gida ta farko da wuri, kafin a cika.