Taliyar Koriya mai romo a sanyin Kura

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Bayero ce ta zo hutu da leda uku na taliyar Koriya, irin mai ɗanɗanon kimchi, wato kabejinsu mai tsami da yaji, ta sayo a wani babban kanti cikin birni. Da ta faɗi kuɗin leda ɗaya sai da na riƙe baki, don zai sayi ƙananan Indomie wajen shida a shagon bakin layinmu. Kafin a ɗora tukunya na ce, "Ke, duba min tambarin halal tukuna." Koriyawa suna yawan sa naman alade a miyar kimchi, wasu taliyoyin nasu ma da romonsa ake haɗa garin yajin. Wannan dai da tambarinta a baya.

Mu nan mun saba da ta mai shayi, a tsane ruwa a soya da ƙwai. Ita wannan romon ake nema. Ruwa rabin lita da ɗan ɗoriya, ya tafasa, a juye garin yajin da busassun ganyen, taliya ta yi minti 4 zuwa 5. Ta fi tamu kauri, tana da danƙo, ba ta saurin caɓewa ko da an yi jinkirin saukewa daga gawayi. Romon ja wur, ga yaji ga ɗan tsami-tsami. Ranar ina fama da mura, hazo ya rufe gari, kafin in kai rabin kwano hancina ya buɗe kamar na sha farfesun kayan ciki.

Inda na ga ƙwauro shi ne kimchin kansa. 'Yan busassun ɓarɓashi ne da ke yawo a saman ruwa, sai ka yi da gaske ka kamo ɗaya a cokali. Alhali kimchi kabeji ne da aka jiƙa da gishiri, aka cuɗe da barkono, tafarnuwa, citta da ruwan kifi, aka bar shi ya yi tsami. A can in sanyi ya gabato dangi da maƙwabta kan taru su yi mai yawa, a da har binne tulunan suke yi a ƙasa. Kimjang suke kiran taron, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ma ta sa shi cikin al'adun gado a 2013.

To, ga kabejin Kadawa a bakin titi, sai na ce bari in gwada. Nasu dogo ne mai laushin ganye, namu dunƙulalle mai tauri, don haka na yanka ƙanana na bar shi cikin gishiri awa uku kafin in ɗauraye. Na daka busasshen tattasai da barkono kaɗan, tafarnuwa, ɗanyar citta, lawashi, garin kirafish a madadin ruwan kifi, da ɗan sukari. Na danna a kwalba sosai har ruwan ya hau kansa, ban ɗaure murfin tamau ba saboda iskar da yake fitarwa. Kwana uku a bayan randa ya fara kumfa.

Inna ta shinshina ta kau da kai. "Wannan ai ruɓaɓɓen kabeji ne."

"Inna, daddawar da kike sa mana a miyar kuka fa?"

Ta yi dariya, amma ba ta taɓa ba.

Leda ta biyu da kimchin nawa na dafa. Na soya ludayi guda a ɗan mai, na zuba ruwan tsaminsa, sannan taliya, na fasa ƙwai a kai. Bambancin ba kaɗan ba ne, har ƙanwar tawa ta kankare tukunya. Garin yajin rabi kawai na sa, don gishirinsa ya yi yawa, ga maigida da hawan jini.

Leda ta uku tana nan a ajiye sai wata murar. Kwalba ta biyu kuwa jiya na danna ta, da taliyar murji zan gwada wannan karon.