Gwajin CPT a kan cikon yashin teku: ya ci kuɗinsa, in an san yadda ake sayensa

Duk wanda zai ɗora gini mai nauyi a kan filin da aka cike da yashin teku, irin Eko Atlantic a Legas ko Palm Jumeirah a Dubai, dole ya san halin yashin da ke ƙarƙashinsa. Kamfanonin binciken ƙasa na sayar da gwajin CPT domin wannan, wato cusa tsinin ƙarfe cikin ƙasa ana auna ƙarfinta. A ganinmu babu gwajin da ya kai shi tona asirin ciko, sai dai mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, kan cuci kansa wajen yawan ramukan da ya biya da wuraren da aka yi su.

Na'urar sanda ce ta ƙarfe mai tsini, kaurinta yawanci kusan santimita 3.6 ne. Mota mai nauyin tan 20 ko makamancin haka ce ke cusa ta cikin ƙasa, santimita 2 a kowane daƙiƙa, ana ƙara sanduna masu tsawon mita ɗaya ɗaya. Tana auna abu uku: turjiyar ƙasa a bakin tsinin, gogayya a jikin rigar ƙarfen da ke bayansa, da matsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Kwamfuta na ɗaukar awo kusan kowane santimita 1 ko 2. Tsohon gwajin SPT, wanda ake sakin guduma mai kilo 63.5 ana ƙirga bugu, yakan ba da lamba ɗaya a kowace mita ɗaya da rabi. Shimfiɗar taɓo mai kaurin tafin hannu sai ta ɓuya a tsakani ba a gan ta ba.

Ciko kuwa cike yake da irin waɗannan shimfiɗu, domin ba hanya ɗaya ake zuba shi ba. A ruwa mai zurfi jirgin yashe kan buɗe cikinsa ya juye yashin gaba ɗaya. Idan wuri ya yi tudu har jirgi ba ya iya matsowa, sai ya riƙa feso yashin ta sama kamar bakan gizo. Da ciko ya leƙo saman ruwa, bututu ne ke kawo shi. Yashin da ya sauka a hankali cikin ruwa sako-sako yake kwanciya, wanda aka zuba a sarari kuma ruwan da ke gudu a kansa da katafila suna daɓe shi. Shi ya sa sau da yawa jadawalin CPT ke nuna ƙarfi a mitocin sama, sannan ya faɗi da zarar tsinin ya shiga abin da aka zuba a ƙarƙashin ruwa. Ga kuma rarrabuwar ƙwaya: tsakuwa da yashi mai manyan ƙwayoyi na zubewa a bakin bututu, rairayi da taɓo na tafiya nesa su taru a kwari. Aka matsar da bututun, sai sabon yashi ya binne wannan taɓon. Ramuka biyu da ke mita goma tsakaninsu na iya ba da labari daban.

Nan ne muke jan kunnen mai aiki: kada ka karɓi rahoton da ya tara sakamako ya fitar da matsakaici kawai. A 1983, tudun yashin Nerlerk da ake ginawa a ƙarƙashin tekun Beaufort na Kanada domin haƙar mai ya zame sau da dama kafin a gama shi, alhali fassarar da aka yi wa awon CPT ta nuna yashin ya isa ya tsaya. Masana sun daɗe suna jayayya a kan dalili, kuma ɗaya daga cikin bayanan da suka yi ƙarfi shi ne aljihunan yashi sako-sako da ke warwatse a ciki, waɗanda matsakaici ke rufewa.

Na'urar na da nata aibi. Ba ta fito da ƙasa a gani da ido, don haka sai an haɗa ta da 'yan ramukan ɗibar samfur. Tsinin na jin ƙasar da ke gabansa kafin ya isa gare ta, shi ya sa siririyar shimfiɗa ba ta nuna ainihin halinta. 'Yar matatar da ke auna matsin ruwa dole a cika ta da gilisirin ko man silikon ba tare da kumfar iska ba. Idan ta bushe yayin ratsa busasshen yashin sama, awon zai yi jinkiri, a wuce taɓon da ake nema ba a gane shi ba. A yashin Tekun Fasha mai yawan ɓawon halittun ruwa, ƙwayoyin kan farfashe a bakin tsinin, sai awon ya fito ƙasa da na yashi mai tauri ko da daɓuwarsu ɗaya ce. Ana gyara wannan da lissafi, amma a amince da lissafin tun kafin sa hannu, in ba haka ba rigima ce tsakanin injiniya da ɗan kwangila.

Bayan an daɓe ciko da injin girgiza da ake zurawa cikin ƙasa a jere mai kusurwa uku-uku, a yi gwajin a tsakiyar kusurwoyin, inda girgizar ta fi rauni. Wanda ya cusa tsini dab da ramin injin zai samu lamba mai daɗin gani wadda ba ta wakiltar filin. Kada kuma a yi gaggawa. A aikin madatsar ruwa ta Jebba da ke kan kogin Neja, an ga turjiyar yashin da aka daɓe tana ci gaba da hawa tsawon watanni bayan aikin. A rubuta adadin kwanakin jira a kwangila, a kuma nemi a kawo awon sifiri (abin da na'urar ke nunawa ba ta taɓa komai ba) na kafin cusawa da na bayan zarewa, da karkatar sanda, da takardar daidaita kowane tsini mai ɗauke da lambarsa.