Gida Ya Yi Kaɗan: Ƙarin Ɗaki, Bene, Ko Sabon Fuloti?

Idan iyali suka yi yawa har samari suka koma kwana a zaure, maigida kan rasa wanda zai kama: ya ci tsakar gida ya ƙara ɗaki, ya ɗora bene, ko ya nemi fuloti a bayan gari.

Kafin ka kira birkila, duba takardar mallakar gidan. Gidan da ba a raba gadonsa ba, kada ka zuba masa ko buhun siminti ɗaya. Ranar rabo za a yi wa gidan kuɗi ne dungurungum, har da ɗakunan da ka gina, sai kuma ka shiga neman shaidu a gaban 'yan'uwanka.

Ƙarin ɗaki a ƙasa ya fi sauƙi, domin ana yin sa da kaɗan-kaɗan: bulo wannan wata, kwano wata mai zuwa. Sai dai wurin girki da shanya zai tafi, iska ta toshe, kuma a watan Afrilu kowa zai ji a jikinsa. Ka lura da inda shadda take da hanyar da ruwan damina ke bi.

Bene ne ya fi ruɗin mutane. Da yawa daga tsofaffin gidajenmu da bulo inci 6 aka yi su, ba ginshiƙi, fandisho kuma ba zurfi, don kwano kawai aka yi niyyar su ɗauka. Birkila zai bubbuga bango ya ce, "Alhaji, wannan zai ɗauka." Ba shi zai kwana a ƙarƙashin dakin ɗin, wato rufin kankare, ba. Ka biya injiniya ya tone gefen fandisho ya gani da idonsa. Sau da yawa sai an fasa daɓe an kafa sababbin ginshiƙai, ga rodi, ga tsakuwa, ga katako, ga kuɗin hayar inda iyali za su zauna kafin a gama. A Kano kuma sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Tagar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci ma rigima ce mai zaman kanta.

Fuloti a wajen Ungogo ko Kumbotso ya fi na cikin gari arha, amma ka haɗa da katanga, burtsatse, jan wuta da kuɗin mota kullum zuwa kasuwa.

Ni dai, in takarda ta fita kuma injiniya ya amince da fandisho, zama a unguwa ya fi. In kuwa bango ya tsage tun daga ƙasa, gyara rufi kawai, sauran kuɗin ka kai su fuloti.